Mai da Ƙiba: Lissafin da Ke Cikin Tukunya

Jawabin Jami'in Labarai ga Hakimai da Magatakardansu na ƙasashen Ikara da Maƙarfi da Kudan

An umurce ni in yi muku bayani a kan wata magana wadda ta shafi lafiyar jama'arku, ta kuma shafi taku lafiyar, watau maganar mai da kitse a cikin abinci, da yadda suke taɓa mutumin da yake ƙidayar abin da yake ci domin ya rage ƙiba. Ni ba likita ba ne. Aikina shi ne in ɗauko abin da likitoci da masana suka tabbatar, in kawo muku shi da Hausa, ku kuma ku sauke shi ga dagatai da masu unguwanni, su bi da shi zaure-zaure.

Kun sani a zamanin kakanninmu ƙiba ba ta cikin abubuwan da ke damun talakawa. Mutum ya wuni da garma a hannu, ya taka da ƙafa daga Paki zuwa Ikara, matarsa ta yi surfe, ta yi daka, ta ja guga. Abin da aka ci da safe kafin azahar jiki ya cinye shi. Yanzu kuwa babur ya ɗauke tafiya, inji ya ɗauke niƙa, da yawanmu kuma zaman ofis da zaman fada ne aikinmu, ga abinci ya ƙara maiƙo. Binciken lafiyar jama'a da aka yi a Nijeriya a shekarar 2018 ya nuna cewa cikin kowace mata 100 masu shekara 15 zuwa 49, guda 28 nauyinsu ya wuce kima, guda 12 kuma sun rame fiye da kima. Watau ƙiba da rama suna zaune a ƙasa ɗaya, wani lokaci ma a gida ɗaya. Ƙiba kuwa ita ce ke share wa ciwon sukari da hawan jini da shanyewar ɓarin jiki hanya. Mutane suna ganin tumbi su ce daɗi ne ya samu, alhali sau da yawa cuta ce take sallama.

1. Mene ne kalori?

Kalori awo ne, kamar yadda mudu yake awo, kamar yadda lita take awo. Da shi ake auna ƙarfin da abinci yake ba jiki. Jikin ɗan Adam kamar baitulmali ne, akwai shiga, akwai fita. Abin da ya shiga shi ne abin da aka ci da abin da aka sha. Abin da ya fita shi ne abin da jiki ya ƙona wajen numfashi da bugun zuciya da ɗumama kansa da aiki da tafiya. In shiga ta fi fita, jiki ya ɗauki rarar ya mayar da ita kitse ya ajiye. In fita ta fi shiga, ya buɗe ajiyar ya ci, mutum ya ragu. Babban mutum mai matsakaicin aiki yana bukatar kalori wajen 2,000 zuwa 2,500 a yini, mace ta fi kusa da na farko, namiji da na biyu. Manomin da ya wuni yana saran rake a fadamar Maƙarfi yana bukatar fiye da haka ƙwarai.

Wani masani Ba'amurke, Wilbur Atwater, ya yi aikin auna abinci a ƙarshen ƙarni na 19, har yau kuma da awonsa ake aiki. Ga abin da ya fitar. Giram ɗaya na sitaci ko sukari, watau abin da ke cikin gero da dawa da masara da shinkafa da mazarƙwaila, yana ba da kalori 4. Giram ɗaya na furotin, watau abin gina jiki da ke cikin wake da tsokar nama da kifi da ƙwai, shi ma kalori 4. Amma giram ɗaya na mai ko kitse kalori 9 ne, ya ninka su har da ɗori.

2. Matsayin mai a cikin lissafi

Malamai, ku da kuka saba da alƙalami, ku rubuta wannan. Babban cokalin cin abinci ɗaya na man gyaɗa ko manja yana da nauyin giram 14, kalori wajen 120 ke nan. Lita ɗaya kuwa ta haura kalori 8,000, watau abincin babban mutum na kwana uku zuwa huɗu a cikin gora guda.

Kafin mutum ya sami kalori 120 daga tumatirin Ikara ko na Kudan sai ya ci fiye da rabin kilo. Daga sukari, sai ya kwashi ƙananan cokula bakwai da rabi. Kafin ya ƙone su kuwa sai ya yi tafiyar sauri ta wajen rabin sa'a. Dankalin turawa in an dafa shi da ruwa, giram 100 bai kai kalori 90 ba, in an yayyanka shi an tsoma a kaskon suya sai ya haura 300. Dankalin bai sāke ba, man da ya sha ne ya hau kansa. Gyaɗa ma kusan rabinta mai ne, giram 100 na ɓararriya ya haura kalori 550, mai zaman hira kuwa yakan gama da wannan bai san ya ci kome ba.

Takardar naira dubu ba ta fi ta naira hamsin nauyi a aljihu ba, amma wanda ya manta da ita a wajen lissafi ya ɓata lissafinsa duka. To, haka mai yake a cikin tukunya.

3. Gardamar mai da tuwo

Yanzu mu zo ga tambayar da ta tara mu. Akwai gardama tana yawo a wayoyin mutane da teburin mai shayi. Wasu suna cewa mai ne kaɗai yake sa ƙiba, wanda ya bar shi sai ya ci tuwo iya cikinsa. Wasu kuma suna cewa a'a, tuwo da shinkafa ne masu laifi, wanda ya bar su sai ya ci kitse da man shanu yadda ya ga dama, zai rame. Wa ya fi gaskiya? Masana ba su tsaya ga baki ba, sun gwada.

A shekarar 2009 aka bayyana sakamakon wani gwaji da aka yi a Amurka, a biranen Boston da Baton Rouge, ƙarƙashin Dokta Frank Sacks na Jami'ar Harvard. An ɗauki mutum 811 masu ƙiba, aka raba su kashi huɗu, aka rage wa kowa kalorinsa na yini. Wasu aka tsara musu abincin da kashi 20 cikin ɗari na ƙarfinsa daga mai yake, wasu kuma kashi 40. Bayan wata shida kowane kashi ya rage wajen kilo 6. Bayan shekara biyu, waɗanda suka kai ƙarshen gwajin sun tsaya a ragin wajen kilo 4, mai yawan mai da mai ƙarancinsa duk ɗaya. Abin da ya bambanta mutane shi ne naci: waɗanda suka fi zuwa zaman shawara su suka fi raguwa.

A shekarar 2018 Jami'ar Stanford ta fitar da nata. Mutum 609, rabi suka rage mai, rabi suka rage sitaci da sukari, har shekara guda. Masu rage mai suka sauke kilo 5.3, masu rage sitaci kilo 6.0, bambancin da masu gwajin suka ce bai kai a kafa hujja da shi ba. A cikin kowane ɓangare an sami wanda ya ragu ƙwarai, an kuma sami wanda ya ƙaru.

Akwai na uku, wanda ya fi su tsanani ko da yake ya fi su ƙanƙanta. A shekarar 2015 Dokta Kevin Hall ya kwantar da mutum 19 a asibitin bincike na gwamnatin Amurka, inda ba mai cin ko loma ɗaya sai an auna ta. Kowannensu ya yi kwana shida an rage masa mai, ya kuma yi wasu kwana shida an rage masa sitaci, kalorin da aka cire daidai wa daida. Lokacin rage mai, kitsen jikinsu ya riƙa raguwa da giram 89 a yini, lokacin rage sitaci da giram 53. Amma abin mamaki, sikeli ya fi sauka a lokacin rage sitaci. Dalili kuwa shi ne jiki yana ajiye wani sukari a hanta da tsoka tare da ruwa mai yawa. In mutum ya bar tuwo, wannan ajiya ce take fara tafiya da ruwanta, sai ya ga kilo biyu sun sauka a mako guda ya yi ta murna, alhali yawancinsu ruwa ne. Ran da ya koma wa tuwo ruwan ya dawo.

Ga hukuncin da ya fito daga waɗannan gwaje-gwaje. In jimillar kalori ɗaya ce, yawan mai ko ƙarancinsa a cikinta ba ya sāke raguwar nauyi sai ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Jimilla ce take hukunci, sai kuma jurewar mutum a kan tsarin da ya ɗauka. Wanda ya bar mai ya ninka malmala bai yi kome ba. Wanda ya bar malmala ya zauna wa kitse da ƙuli-ƙuli shi ma bai yi kome ba.

4. To, don me ake ce a fara da mai?

Watakila wani cikinku ya ce, tun da duk ɗaya ne, me ya kawo maganar mai? Amsa ita ce, wurin mai ne lissafi ya fi ɓacewa. Mutum yana ganin malmalar tuwonsa, ya san ko ɗaya ya ci ko biyu. Amma bai ga abin da aka tsiyaya a tukunya ba. Bai san abin da ƙosai da waina da awara da funkaso suka sha a kasko ba. Bai ƙidaya man da mai tsire ya shafa ba, ko wanda aka kwarara a kan ɗanwake da shinkafa da wake, ko man shanun da aka ɗiga a miyar kuka. Maigida ba ya shiga madafa, uwargida kuma da ido take awo, ga shi a al'adarmu miyar da mai bai taso a kanta ba ana ganin an rena baƙo.

Wannan mantuwa ba tamu ce mu kaɗai ba. A shekarar 1992 likitoci a birnin New York suka bincika wasu masu ƙiba da suka ce suna cin kaɗan amma ba sa raguwa. Da aka auna su da na'ura sai aka tarar abin da suka faɗa ya gaza abin da suka ci da kashi 47 cikin ɗari, motsin da suka ce suna yi kuma sun ƙara masa kashi 51. Ba ƙarya suka shirya ba, ido ne ba mudu ba.

Dalili na biyu shi ne cikar ciki. In ka cire wa mutum kalori 240 daga tuwo, ya ga akushinsa ya ragu, ya tashi da yunwa, ba zai yi mako biyu ba zai karya. In ka cire su daga mai, cokali biyu ne kawai suka tafi, akushi yana nan a cike. Cokali biyu a yini kalori 7,200 ne a wata, kilo ɗaya na kitsen jiki kuwa yana riƙe da wajen 7,700. Watau kusan kilo guda a watan farko. Sai dai ku gargaɗi mutane, raguwar ba ta tafiya haka har abada, domin jiki in ya ragu bukatarsa ma takan ragu, sai tafiyar ta yi sanyi bayan 'yan watanni. Wannan ba alamar tsarin ya lalace ba ne. Da yayyafi kogi kan cika.

Kada kuma a rena ɗan ragi. A gwajin rigakafin ciwon sukari da aka bayyana a Amurka a shekarar 2002, mai mutum 3,234 waɗanda ciwon yake gab da kama su, an koya wa kashi ɗaya ƙidayar man da suke ci, aka sa musu burin rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu da tafiyar minti 150 a mako. Cikin wajen shekara uku kamuwa da ciwon ta ragu a cikinsu da kashi 58 cikin ɗari. Ga mai kilo 90, kashi 7 ɗin nan kilo shida ne da 'yan kai.

5. Ragewa aka ce, ba ƙauracewa ba

Jiki ba ya rayuwa babu mai. Akwai bitamin huɗu, A da D da E da K, waɗanda hanji ba ya iya tsotse su sosai sai da maiƙo. Wanda ya ci zogale ko karas babu ɗigon mai ko ƙuli ya yi asarar wani abu daga amfaninsu. Manja yana ɗauke da sinadarin da jiki yake mayarwa bitamin A, mai kare ido. Likitoci kuma sun lura cewa wanda ya rame da gaggawa, ya kuma daina cin mai ɗungum, ya fi zama cikin haɗarin samun tsakuwa a maɗaciya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sabunta shawararta a shekarar 2023. Ta ce babban mutum ya tsayar da mai a kashi 30 cikin ɗari na kalorinsa ko ƙasa da haka. Ga mai cin kalori 2,000, wannan giram 67 ne, bai cika manyan cokula biyar ba, kuma a ciki har da kitsen nama da man da ke cikin gyaɗa da nono da ƙwai. Ta kuma ce irin man da yake daskarewa kada ya wuce kashi 10.

A nan akwai abin lura. Wajen ƙiba duk mai ɗaya ne, man gyaɗa da manja da kakiɗe da man zaitun mai tsada duk kalori 9 ne a giram. Wajen lafiyar zuciya da jijiyoyin jini ne suka bambanta. Man gyaɗa da na waken soya da na riɗi sun fi sauƙi ga zuciya. Man shanu da kitsen dabba suna da yawan irin mai daskarewa, manja ma kusan rabinsa shi ne. Man da aka yi ta maimaita suya da shi har ya yi baƙi, a zubar da shi.

Kada kuma mai ya sa a manta da ɗan'uwansa. Ƙasashen nan namu na rake ne, Allah ya yi musu albarka. Mazarƙwaila sukari ce, ba ta da sauƙi don an yi ta a gida. Kwalbar lemo ɗaya tana da kalori wajen 150. Wanda ya rage cokalin mai ya mayar da gurbinsa da lemo da shayi mai kauri, ya fitar ta ƙofa ya shigar ta taga.

6. Waɗanda wannan magana ba ta hau kansu ba

Ranku ya daɗe, wannan shi ne wurin da nake roƙon ku fi sa ido, domin magana in ta bar zaure takan sāke kama. Ragin mai na babba ne mai ƙiba. Ba na yara ba ne. Cikin yaro ƙarami ne, ba ya ɗaukar abinci da yawa, saboda haka ɗan man gyaɗa ko tunkuza a kokonsa shi ne yake ba shi ƙarfin girma. Abincin nan na leda da ake ba yara masu tamowa a asibiti, da gyaɗa da mai da madara da sukari ake yinsa, ƙunshi ɗaya kalori 500. Abin da yake cutar da uba mai tumbi shi ne yake ceton ɗansa. In za a rage mai a gida, a rage daga akushin maigida, a mayar a kwanon yara.

Haka nan mace mai ciki, da mai shayarwa, da tsoho mai rauni, da manomi a tsakiyar aikin damina, ba a ce su rage kome ba. Mai shan maganin sukari ko mai allurarsa kada ya rage tuwo sai da sanin likita, don kada sukarin jininsa ya faɗi. Wanda kuma ya ga yana ramewa ba tare da ya nema ba, wannan ba abin murna ba ne, yana iya zama tarin fuka ko ciwon sukari. A kai shi asibiti.

7. Abin da ake roƙonku

Na farko, kowa ya fara da kansa. A sami igiya a yanke ta daidai tsawon mutum, a ninka ta biyu, a zagaya ciki da ita wajen cibiya. In bakinta biyu sun haɗu, madalla. In ba su haɗu ba, ƙugu ya wuce rabin tsawo, lokacin gyara ya yi. Wannan awo ba ya bukatar sikeli ko kuɗi.

Na biyu, a sa cokali a bakin kwalbar mai, a daina tsiyayawa. Malamai, ku gwada a gidajenku: a rubuta ranar da aka buɗe lita da ranar da ta ƙare, a raba 8,000 da yawan kwanakin, sa'an nan a raba da yawan masu ci. Gidan mutum goma da yake shanye lita a kwana huɗu, kowane kai yana samun kalori 200 a yini daga kwalba kaɗai. A yi wannan da shawarar uwargida da girmamawa, domin tukunya tata ce, kuma in ba ta yarda ba ba abin da zai yiwu.

Na uku, a fifita dahuwa da turara da gashi a kan suya. Alale maimakon ƙosai wasu ranaku, dafaffen ƙwai maimakon soyayye, kwaɗon rama da zogale, dambu, da faten da ake yi wa Zazzagawa ba'a a kansa, wanda ganyensa da ruwansa suke cika ciki da kalori kaɗan. A kula musamman da watan azumi, lokacin da kaskon suya ba ya sauka daga murhu.

Na huɗu, a taka ƙasa. Rabin sa'a a yini, kwana biyar a mako. Hakimin da ya taka zuwa masallaci ko ya zagaya gonarsa da ƙafa ya yi wa ƙasarsa wa'azin da ya fi wannan jawabi.

Na biyar, ku ja kunnen jama'a game da masu tallar shayi da garin magani a kasuwanni da cikin waya, masu cewa suna narkar da kitse a mako guda. Mai sa gudawa ruwan jiki yake fitarwa, ya bar kitsen a inda yake. Mai neman shawara ya je wurin ma'aikatan lafiya na garinsa. Ga Kwalejin Shehu Idris a Maƙarfi tana horar da ma'aikatan lafiya, ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika ga wanda ciwonsa ya yi nauyi.

Ranku ya daɗe, iyakar saƙon ke nan. Jimillar abin da aka ci ita ce take sa ƙiba ko ta rage ta, mai kuwa shi ne ya fi saurin cika jimillar ba a sani ba, saboda haka a auna shi, kada a ƙaurace masa, kada kuma a hana yara. Talakawa suna kallon abin da ake ci a gidan sarauta, in an gyara can, za a gyara a ƙauye. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ƙara wa Sarkin Zazzau lafiya, ya ja zamaninku, ya ba ƙasarmu lafiya da zama lafiya.